Kazar Amarya da Muka Ci Mu Biyu

Na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Na fara rubutawa tun kafin azumi, na yage takardar. Na sake farawa bayan sallah, na kai tsakiya, sai na tuna cewa mu masu gyaran amare ba mu fitar da abin da muka gani a ɗakin gyara, na sake ajiyewa. Ga shi karatuna iyakarsa firamare, ina tsoron in rubuta wani abu ba daidai ba a ce na yi wa wani ƙazafi. Sai da na je na nemi izinin yarinyar da zan yi magana a kanta. Ta ce in rubuta, amma in canja sunanta. Na canja. Asiya ba sunanta ba ne. In akwai wata Asiya da aka kai Miga, ta yafe mini, ba da ita nake ba.

Sunana Ladi, a Haɗeja aka haife ni, kuma gyaran amarya shi ne aikina tun ina da ɗa guda a baya, yanzu ga jikoki. 'Yan matan da ke zuwa koyon aiki wajena a 'yan shekarun nan, yawancinsu da waya a hannu suke shigowa. Sun riga sun kalli yadda ake kwaɓa dilka, sun kalli yadda ake dafa halawa. Abin da suke so a wajena shi ne in gaya musu inda nake sayen kaya. Wata ta yi sati guda ta ce mini, "Inna, ai na gane." Na ce to. Ban hana ta tafiya ba, amma na kwana biyu ina tunanin fatar 'ya'yan mutane.

Ni a hannun Ya Falmata na koya, wata dattijuwa da iyayenta suka taso daga bakin Cadi suka zauna a garin nan. Shekarata ta farko ban taɓa jikin amarya ba. Daka nake yi, da tankaɗe, da wanke kasko, da hura garwashi. Garwashin ma sai da ta koya mini shi: wanda yake tartsatsi ba a sa shi ƙarƙashin mutum, wanda ya yi toka da yawa ba ya kama turare. Dilka, wato haɗin da ake murza wa amarya a jiki don fata ta yi laushi, in ta yi ruwa ba ta cire datti, in ta yi tauri tana kuje mutum. Halawa kuwa sukari ne da lemon tsami ake dafawa don cire gashi, kuma a cikin hannunki za ki fara gwada zafinta, ba a ƙafar amarya ba. Har yau akwai tabo a hannuna na hagu. Da na nuna wa Ya Falmata, cewa ta yi, "Madalla. Gara naki."

Aikin da ya fi ba ni tsoro, har gobe, shi ne zaman hayaki. Amarya za ta zauna a kujera mai huda a tsakiya, kasko da garwashi a ƙarƙashi, a zuba itacen turare, a lulluɓe ta da bargo har kai don ƙamshin ya kama gashi. Dokoki biyu Ya Falmata ta ba ni a kan wannan. Ba a ɗora mai yunwa a kan hayaki. Kuma muddin amarya na cikin bargo, kada a bar ta ta yi shiru. Ki tambaye ta sunan ƙauyen kakarta, ki tambaye ta wa ya ɗinka mata kaya, ki ja ta da faɗa in ya kama. In ta daina amsawa, ki yaye bargon, kada ki tsaya sallama. Saboda wannan doka na san sirrin gidaje da yawa a Haɗeja da ban nema ba.

Sai abinci, wanda shi ne rabin aikin, ko da yake masu koyo a waya ba su san da shi ba. Amarya tana zuwa gidana ta zauna kamar sati biyu kafin biki. Kunun gyaɗa da madara da safe, farfesun tarwaɗa da rana, dabino da aya da kwakwa a tsakani. Dab da ƙarshe sai kazar amarya. Ana dafa ta da citta da kanumfari da masoro da wasu 'yan haɗe-haɗe da ba zan rubuta ba. Amarya ita kaɗai take cinye ta. Ba ƙawa, ba ƙanwa, ba uwa. Mai dafawa ma ba ta ɗanɗana gishiri, da ido ake zubawa. A kai mata ɗaki, a saki labule, a ba ta wuri, don amarya tana jin kunyar a ga bakinta yana motsi. In ta gama a tattara ƙashin a binne. Na taɓa tambayar Ya Falmata dalili. Ta ce ita ma ta tambaya, aka ce mata ta ci gaba da daka.

A wancan lokacin abin da iyaye ke ce mini ɗaya ne: "Ladi, ki cika mana ita." Na tuna wata kaka daga Jahun da ta kawo jikarta. Ranar ɗauka ta kama damtsen yarinyar da yatsu biyu ta matsa, kamar mai sayen tunkiya, sannan ta ce, "Ba laifi. Amma wuyan fa?" Na ce wuyan gadonsu ne. Ta ce ba daga wajensu ba.

Shekarar da ruwa ya ci gari ita ce na ɗauka ba za a yi wadda ta fi ta muni a sana'ata ba. Kogi ya ɓalle, shinkafa ta tafi tana dab da yanka, kuma a nan in shinkafa ta tafi biki ya tafi. Duk amaren da aka yi mini maganarsu aka ɗaga. Ruwa ya shiga ɗakin gyara, itacen turaren da na tara ya jiƙe ya yi funfuna, kujerar hayaki kuwa a bayan gidan wasu aka tsinto mini ita. Ƙosai na koma soyawa a bakin titi har kaka ta zagayo. Amaren da aka kawo mini bayan nan a rame suka zo, amma nasu mai sauƙi ne. Ka ajiye kwano, ka juya, ka dawo ka ɗauki kwano.

Ban san ranar da abin ya juya ba. Na dai lura amare sun fara zuwa da hoto. Yarinya za ta miƙo mini waya ta ce, "Inna, haka nake so in fito." In duba in ga wata mata ta tsaya a karkace, ƙugu kamar a zagaye shi da hannu biyu, ciki a shafe, amma ta baya a cike. In ce, "Wannan ina take ajiye hanjinta?" Su yi dariya. Wata ta zo da shayin rage ƙiba da ta saya wajen mai talla a waya, ta wuni tana zarya bayan gida, dilkar ma sai a rarrabe na yi mata. Wata ta zo da ɗamarar matse ciki ta ce da ita za ta zauna a hayaki. Na ce sai dai a wani gidan. Da yawansu sukan ce a rage madara, a cire mai, kazar ma ko za a iya ba su rabi. Duk da haka yawancinsu in suka ji ƙamshin farfesu sukan manta da hoton zuwa la'asar.

Asiya ba ta zo da hoto ba, ba ta kuma ce a rage komai ba. Mahaifiyarta, Hajiya, ita ta kawo ta a keke napep da akwati guda. Yarinya ce mai hankali, ta gama karatun koyarwa, kuma mijin da za ta aura ita ta zaɓe shi, wani mai injin casar shinkafa a Miga. Hajiya ta ce, "Ladi, ga ta nan. Tun da aka sa rana take zubewa. Zumuɗi ne." Na ce zumuɗi yakan yi haka.

Ranar da na fara murza mata dilka hannuna bai so abin da ya ji ba. Tafin ƙafarta sanyi, ga garin ana zafi. In na ja fatar hannunta ba ta komawa da wuri. Da na taje mata kai, gashin da ya biyo matajin ya yi yawa. Na ce, "'Yata, kina cin abinci kuwa?" Ta ce, "Inna, ba ga kwanon ba?" Kwanon kuwa kullum a share yake fitowa. Na ƙara mata madara. Kwano ya fito a share. Na ƙara kifi. Haka. Har na fara zargin ko tsutsar ciki ce, na aika aka sayo magani. Ranar kaza na kai mata, na saki labule, na koma tsakar gida. Ƙashi ya fito fes, har na yaba mata, na binne.

Washegari da hantsi na ɗora ta a hayaki. Na tambaye ta ko ta sha kunu, ta nuna mini kofi. Na lulluɓe ta, na fara jan ta da hira.

"Wa ya ɗinka miki na ranar kamu?"

"Wata a Kano, Inna."

"Haɗeja ba teloli?"

"Akwai. Ita ce dai ta iya irin wanda..."

Na ce, "Irin wanne?" Shiru. Na yaye bargon. Ta riga ta sulale gefe, ƙwaurinta ya taɓa bakin kasko. Na janye ta, na ture kaskon da ƙafa, na yi salati da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Maƙwabciyata Tabawa, wadda katangarmu ɗaya, ta shigo a guje da ludayi a hannu. Muka yayyafa mata ruwa, muka yi mata fifita har ta buɗe ido. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, alhamdu lillahi.

Tabawa ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Yarinyar nan yunwa ce da ita."

Na ce, "Wace yunwa? Jiya kaza guda ta cinye."

Tabawa ta sauke ludayin. Sannan ta ce, "Ladi, kazar nan mai kanumfari?"

Na ce, "Ke ina kika sani?"

Ta ce, "Ai ni na ɗauka sadaka kike yi a ɓoye. Kullum sai leda ta faɗo mana ta katanga, wajen tagar ɗakin nan. Kifi, dabino, har kunu a ƙulle. Jiya nama zalla, an cire ƙashi." Ta gyara ɗaurin zani. "Maigidana Malam ne ya cinye. Ya ce a gaya miki gishiri ya ɗan yi kaɗan."

Hajiya ta zo, muka kai Asiya asibiti. Aka yi mata ƙarin ruwa, aka wanke ƙunar, aka ce jininta ya yi ƙasa, aka ba da magani, aka ce lallai ta riƙa cin abinci. Hajiya a hanya ta ce wannan ba haka kawai ba ne, akwai hannun mutane, za ta karɓo rubutu. Na ce ta karɓo, addu'a ba ta ɓata komai. Ta so ta wuce da ita gida, Asiya ta ce ita wajena za ta koma.

Na sake sayen kaza, na dafa, na kai mata. Wannan karon ban fita ba. Na zauna a bakin gado. Ta kalli kwanon kamar an ajiye mata maciji.

Na ce, "Asiya, angon ne ya ce ki rame?"

Ta ce, "Wallahi bai taɓa ba, Inna."

"To wa?"

Ta ɗauko waya ta nuna mini. Hoton ranar sa rana ne, wata 'yar uwarta ta ɗora inda kowa ke gani, wasu masu shafin bukukuwa suka ɗauka suka ƙara yaɗawa. Na duba hoton da kyau. Yarinya ce cikakkiya cikin atamfa, tana dariya, irin wadda kakar nan ta Jahun za ta matsa ta ce ba laifi. A ƙarƙashi mutane sun yi rubutu. Ta karanta mini, ba ta ko duba wayar sosai, ta haddace. Wani ya ce buhun shinkafar Haɗeja. Wata ta ce a taimaka wa ango da babbar mota. Wata ta ce, cikin nasiha, ga lambar mai shayi.

Na ce, "Kin san su?"

Ta ce, "A'a."

"Za su zo bikin?"

Ta ɗan yi murmushi. "Hotunan bikin za su je musu."

Na ce ta kashe wayar mana. Ta ce ta kashe ta sau da yawa. Ta ce, "Inna, ba wai ba na jin yunwa ba ne. In aka saki labule aka bar ni da kwano, sai in ji su duka sun shigo ɗakin. In na kai loma baki sai in ji kamar na yi sata." Sannan ta ce, "Ki ci in gani. In kin ci zan ci."

Na ce, "Wannan kazar amarya ce."

Ta ce, "Na sani."

Ni tun da na fara aikin nan ko romon ban taɓa lasa ba. Ya Falmata ta rasu, ba wanda zan tambaya. Na ce wa Asiya ta jira ni. Na sa mayafi na tafi gidan malamar Islamiyyarmu, na same ta tana wanki, na zayyana mata komai ban faɗi suna ba. Na ce, in mai gyara ta ci kazar amarya, akwai zunubi? Ta ce ba ta taɓa ganin kazar amarya a littafi ba. Na ce, auren fa, ba abin da zai same shi? Ta ce, "Inna Ladi, je ki ci kaza." Na fito, na kai bakin ƙofa, na koma na tambaye ta ƙashin fa. Ta ce in binne in hakan zai sa in yi barci.

Kafin in dawo kazar ta huce, na sake ɗumamawa. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na yago tsoka na ci. Malam ya yi gaskiya, hannuna ba ya kai gishiri, kuma shekara da shekaru ba amaryar da ta gaya mini. Asiya ta yago kamar ƙwayar gyaɗa ta sa a baki. Ta daɗe tana taunawa. Na sake ci, ta sake ci. Ban kalli bakinta ba, labarin shekarar ruwa na yi ta ba ta. A ranar ba ta wuce fiffike guda ba. Sauran ni na cinye, don ba a barin kazar amarya ta kwana.

Haka muka yi har ranar biki, loma da loma, safe da rana da yamma. Ban sake ɗora ta a hayaki ba, a tufafinta na turara ƙamshin. Ta ɗan murmure, tafin ƙafarta ya yi ɗumi. Ni kuwa zanin ankon da aka ba ni da kyar ya zagaye ni. Aka yi biki lafiya, aka kai ta Miga.

Tabawa ba ta da mugun nufi, amma ba ta iya riƙe magana. Kafin wata ya zagayo, an san cewa Ladi tana cinye kazar amare. Wata mai gyara a unguwar gaba tana gaya wa mutane cewa ita a gidanta amarya ce ke ƙiba. Gidaje biyu da na gyara musu 'ya'ya tun daga ta fari suka kai autarsu wani wuri. Ban bi su da bayani ba, don bayanin ba nawa ba ne. Yanzu duk amaryar da aka kawo mini, tun ranar farko nake gaya wa uwarta cewa a gidana ba a sakin labule a kan abinci. Wasu su yarda, wasu su ɗauki akwatinsu. Masu koyon aiki kuma ina gaya musu kada su yarda da kwano, hannunsu za su tambaya.

Na ɗauka an gama. Bayan 'yan watanni sai ga mijin Asiya a ƙofar gidana a kan babur, da ƙurar injin a hularsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana murza makulli.

Ya ce, "Inna, ni ban san laifin da na yi ba. Kifi nake kawowa, nama nake kawowa. Ta dafa, ta zuba mini, ta ce ta ci a kicin. Na ce mata ni yadda na gan ta da farko haka nake so. Sai ta yi kuka ta ce wato na ga ta yi ƙiba."

Na ce, "Ka zauna ku ci tare."

Ya ce, "Na gwada. Ta ce idona yana mata nauyi." Ya sunkuyar da kai. "Kuma Inna, an auna ta. Juna biyu ne da ita."

Tun daga nan, duk lokacin da ba ni da amarya a gida, nakan shiga mota in tafi Miga da kwano a ƙulle. Mu zauna mu ci. In ina nan tana ci. In na tafi, mijin ya ce sai shayi ba madara. Na raka ta awo sau ɗaya. Ma'aikaciyar ta yi mana kirki, ta ce jinin ya sake yin ƙasa, kuma abin da ke cikin yana bukatar abinci. Ta ja ni gefe ta ce wannan ciwo ne sananne, ba iskanci ba ne, ba kuma taurin kai ba, yana da suna, akwai likitocin da suka karanci irinsa a manyan asibitoci. Ta faɗi sunan da Turanci. Na maimaita shi a raina har tasha, kafin mota ta cika ya ɓace. Da na koma neman ta aka ce an canja mata wurin aiki. Ni ma kuma an auna ni an ce jinina ya hau, in rage nama da gishiri. Gishirin ba matsala.

Wannan ne ya sa na rubuto. Ni dilka na iya da hayaki, kuma ba zan iya zama a Miga ba. Ina roƙon masu karatu, musamman ma'aikatan lafiya da duk wadda ta taɓa ganin irin wannan a gidansu: mene ne sunan ciwon nan, kuma yana da suna da Hausa da zan iya gaya wa Hajiya ta yarda? Wane irin likita ake nema, kuma in mun je me za mu ce a bakin ƙofa don kada a ba mu maganin ƙarin jini a sallame mu? Akwai wadda ta warke? Cin da nake yi da ita, taimako ne ko ina ƙara ɓata abin? Duk mai amsa ya aiko ta hannun masu wannan shafi, za su isar mini.

Don Allah kada a jinkirta. Cikin ya fara fitowa. Zuwana na ƙarshe ta kama hannuna ta ɗora a kai don in ji motsi, muka yi dariya mu biyu. Sannan ta rage murya ta ce, "Inna, yana nunawa sosai a hoto?" Na ce bari in duba tukunya, na fita. Ban san amsar da ba za ta hana ta cin abincin dare ba. In akwai wanda ya sani, ya gaya mini wannan ma.